Faifai Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

A shekarar saba'in da shida ne, ko da bakwai, shekarun nan sun fara cakuɗe mini, amma dai shekarar da jiragen ruwa suka yi cincirindo a tashar Ikko kaya suka ƙi fitowa, aka yi wani mutum a Samaru ana ce masa Uba Otomatik. Uba dai iyayensa suka raɗa masa ranar suna. Ragowar kuwa bakinsa ne ya jawo masa.

Uba yana aiki a wata cibiya inda aka girke na'ura mai ƙwaƙwalwa, wadda ma'aikata ke ce wa inji kawai. Ba irin ta yanzu da ake sakawa a aljihu ba ce. Wannan ta cinye ɗaki guda, tana gurnani, an sakar mata sanyi, ma'aikata na rawar ɗari alhali a waje rana na gasa mutane. Duk girmansa, injin nan ba ya kwana da komai a ka. Abin da ake so ya tuna, sai an rubuta masa a faifan tef, wani abu mai faɗin faifan rufe ƙwarya, da doguwar igiya baƙa naɗe a jikinsa. In za a yi aiki a ɗora masa faifan ya karanta. In an gama a sauke, ya mance.

To, sababbin faya-fayai suna can a kan teku. Don haka kowa sai ya riƙa jera ayyukansa a faifai guda, na bara a gaba, na bana a bayansa, har bakwai har takwas.

Mai kula da ɗakin ajiyarsu Madam Bolanle ce, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Duk wanda ya kawo faifai sai ta tsare shi da tambaya: me da me ke ciki, na wa ne, zuwa yaushe ake bukata. Ta rubuta a takarda ta liƙa, sannan ta ɗaura zare. Jan zare, ba a taɓa shi har abada. Koren zare, wata uku. Wanda ba zare kuwa shara ne, a goge a sake amfani da shi. Kowane aji da kabad ɗinsa. Akwai kuma wani zoben roba da ake maƙala wa faifai ta baya. In babu zoben, inji zai karanta, amma ba shi da ikon gogewa. Madam ba ta barin zobe a jikin mai jan zare ko da wasa.

Ana nan sai Baturen da ke shugabancin ɗakin inji ya ce zai koma ƙasarsu ƙarshen wata. Kujerarsa, da gidansa mai itatuwan mangwaro, ko dai su zama na Madam ko na Uba. Shi Uba bai jira an yanke ba. Ya gaya wa duk mutanen Hanwa, inda yake haya, cewa shi ne sabon shugaba. Ya sa tela ya ɗinka masa kwat. Ya ce wa matarsa Barakatu ta fara ɗaure kaya. Daga nan ya wuce ofishin Darakta.

"Ranka ya daɗe, a wannan zamani na ci gaba, a ce zaren saƙa ke mulkin na'ura mai ƙwaƙwalwa? Lokacin da muke waje..."

Wajen nan kuwa Ikko ce, kwas na sati shida, wanda ya yi biyu daga ciki a kwance da zazzaɓi.

"...ba wanda ke tsayawa tambayar faifai. Inji da kansa zai dubi kowane ɗaya, ya ce ga ajinsa, ga kabad ɗinsa. Otomatik!"

Darakta, Farfesa Shehu, mutum ne mai sanyin hali, ilminsa na ƙasar noma da taki ne, bai taɓa shiga ɗakin inji ba sai da bismillah. Ya ce a gwada.

Uba ya kwashe sati guda yana huda katuna, don da kati mai huji ake yi wa inji magana a lokacin. Da suka cika akwati ya miƙa wa Julius, tsohon soja mai 'ya'ya shida, wanda aikinsa ɗora faifai da saukewa.

"Juye wannan a duk faifan da ke da wuri. Kullum da safe ka ɗora wa inji ya karanta. Ni ɗora faifai ba aikina ba ne."

"To, Oga," in ji Julius.

Sannan Uba ya faɗa ɗakin ajiya, ya hau ɓare takardu yana tsinke zare, yana manna wa kowane faifai lamba tsirara. Madam na tsaye riƙe da ƙugu.

"Malam Uba, injin nan naka, in ya tashi duba faifai, ina yake dubawa?"

"Kansa mana. Aikin farko."

"Na bayansa fa?"

"Madam, in an ga liman ai an ga sahu."

"Ni dai coci nake zuwa, amma na san akwai liman mai jan mutum uku, akwai mai jan dubu."

"Ki bar maganar da ta fi ƙarfinki. Kuma daga yau kada ki ƙara taɓa mini kayana."

Ta duƙa tana tsince takardun da ya zubar, tana rubuta sabuwar lambar kowanne a bayansa, tana jefawa a gwangwanin biskit.

Dokar da Uba ya koya wa inji mai sauƙi ce, don daga zuciyarsa ya ciro ta. In sunan da ke kan aikin farko ya fara da Farfesa, faifan na dindindin ne, kabad na ɗaya. In Dakta ne, wata uku, kabad na biyu. Duk wanda ba shi da laƙabi, shara.

Ranar farko inji ya yi tari, ya amayo doguwar takarda. Faifan wani farfesa da ba komai a ciki sai jerin waɗanda ya gayyata bikin 'yarsa ya samu dindindin. Kafin azahar sai ga Dakta Sati ya banko ƙofa. Shi masanin gyaɗa ne, shekara bakwai yana bin cutar da ke kashe ta, duk abin da ya gano na jere a faifai guda.

"Wata uku? Ni za ka ba wata uku? Shekara bakwai ina yawo gona-gona, har matata ta ce in je gyaɗar ta dafa mini tuwo!"

"Dakta, ba ni ba ne, inji ne. Inji ba ya son kai."

"To yaya zan yi?"

"Ka yi ƙoƙari ka zama farfesa."

Sati ya dube shi, ya dube shi, ya fita. Ashe shawarar ta shiga. Ɗalibai suka gano cewa da kati guda ana sauya sunan da ke kan faifai. Kafin Juma'a, Samaru ta samu farfesoshi sama da ɗari biyu, ba tare da wani ya rubuta ko da shafi ɗaya ba.

Da safe Julius ya riƙe takardar inji yana karantawa kamar mai kiran sojoji a fareti.

"Farfesa Oladipo, ɗan aji biyu, kabad na ɗaya. Farfesa Gyaɗa, kabad na ɗaya. Farfesa Kada-a-Goge, kabad na ɗaya. Farfesa Don-Allah..."

"Ya isa haka! Zuba su inda inji ya ce."

"Oga, kabad na ɗaya ya cika tun shekaranjiya."

"Inji ya ce ya cika?"

"Bai ce ba, Oga."

"To bai cika ba."

Julius ya danna, ya cusa, ya sa kafaɗa ya rufe. Kabad ɗin ya yi shiru na ɗan lokaci kamar mai tunani. Sai ƙofar ta ce ƙarau, katakon sama ya karye a kan na ƙasa, farfesoshi suka zubo suna gangarawa. Wasu suka bi baranda, wasu suka nufi matakala. Mai shara ya yar da tsintsiya ya haye taga yana salati. Ɗaya ya miƙe sak har ofishin Darakta, ya shiga ba sallama, ya zagaya tebur, ya kwanta a kan ƙafarsa. Uba ya iso da gudu yana haki.

"Ranka ya daɗe, ka ga irin abin da nake faɗa. Har kai kansu suke yi inda ake nemansu."

Babbar matsalar ma ba kabad ba ce. Tunda kowa ya zama na dindindin, babu sauran shara, babu faifan da za a goge a yi sabon aiki. Inji ya zauna yana shan sanyi a banza. Mutane suka yi layi a baranda da katunansu suna zagin Otomatik, daga nan ne ma sunan ya bi shi. Darakta ya kira shi.

"Malam Uba, ranar Alhamis manyan baƙi za su zo daga Kaduna bikin sallamar Bature. Za su shiga ɗakin inji. In abin nan naka ya yi aiki a gabansu, kujera taka ce. In bai yi ba, kada ka ce ban gaya maka ba."

"Ranka ya daɗe, ai ɗan kuskuren na jama'a ne, ba na inji ba. Na riga na gano maganinsu."

Maganin shi ne kwanan wata. Suna ana iya sauya shi, amma ranar da aka rubuta aiki inji ne ke bugawa da kansa. Sabuwar doka: duk faifan da aikinsa na farko ya haura kwana casa'in, ya tsufa, shara ne. Ya huda sababbin katuna, Julius ya juye su inda ya juye na farko. Sannan ya ba da umurni a maƙala wa kowane faifai zobe, don kada a ɓata wa inji lokaci.

Madam ta tare shi a baranda.

"Malam Uba, tsaya in tambaye ka. A gidanku wa ya fi tsufa, ɗan fari ko auta?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Aikin farko shi ne ɗan fari. Faifan Dakta Sati ɗan farinsa ya shekara bakwai, autansa kuwa satin jiya aka haife shi. Za ka kore gida duka don ɗan fari ya yi furfura?"

"Madam, hassada ga mai rabo taki ce. Ki je ki fara kwashe zarenki daga ofis."

Ranar Laraba da la'asar ya ɗaure akwatin katunan a bayan babur, ya gangara Sabon Gari wajen Malam Hamza mai tsire, inda yakan zauna ya baje labari. Ya dire akwatin a gaban tukuba.

"Ga kyauta. Zamanin kati ya wuce, komai na cikin faifai. Ka riƙa ɗibar yaji da su."

Malam Hamza ya ɗauki kati guda, ya ɗaga shi a rana, ya leƙa ta hujin.

"Injiniya, duk ilmin naka ne gara ta ci haka?"

Masu jiran nama suka kwashe da dariya. Uba ya gyara zama ya yi musu bayanin sabuwar doka dalla-dalla, har da zane a ƙasa. Malam Hamza na juya nama yana saurare. Can ya zaro tsinke guda ya nuna masa.

"Dubi nan. Na farko mene ne?"

"Kitse."

"Na bayansa fa?"

"Tsoka. Sai hanta."

"To wanda ya ga kitse ya jefa wa kare tsinken duka, me sunansa?"

"Malam Hamza, kai da inji akwai tafiyar shekara ɗari."

"Haka ne. Amma ni ban taɓa jefar da hanta ba."

Alhamis ta zo. Uba ya sha sabuwar kwat, har da laktaye. Tun da safe ya ja Julius gefe.

"Yau a gaban baƙi ba na son jin bakinka. Ko tari ya zo maka, haɗiye shi."

"To, Oga."

Baƙi suka shigo, manyan riguna da kwat-kwat, ga Bature, ga Darakta, ga Dakta Sati a baya yana cizon leɓe. Madam na zaune a lungu, jakar kasuwarta a gindin kujera, ta kumbura kamar ranar jajibirin Kirsimeti. Julius ya ɗora faifan dokar, inji ya karanta ya amayo takarda, ya sauke faifan ya mayar kabad. Uba ya yagi takardar ya ɗaga sama.

"Manyan baƙi, ga hukunci. Ba hannun mutum, ba son kai, ba zare. Inji ya ce lamba goma sha biyu shara ce. Da hannuna zan goge ta, ku ga zamani."

Dakta Sati ya yi wani ƙaramin nishi, don ya san lambar faifansa. Uba ya ɗora faifan a karkace, Julius ya gyara masa. Uba ya danna maɓalli. Wata jar fitila ta kama, inji ya ƙi motsi. Ya sake dannawa. Ya duba bayan faifan, ba zobe.

"Wannan... inji na gwada tsaro ne. Mu je na gaba. Lamba goma sha bakwai."

Ba zobe. Ashirin da uku, ba zobe. Talatin, ba zobe. Gumi ya fara jiƙa laktayen duk da sanyin ɗakin. Wani baƙo ya duba agogo. Wani ya raɗa wa na kusa da shi, "Ko dai otomatik ɗin bai karya kumallo ba ne?" Uba ya zaro na gaba, ya juya bayansa, sai fuskarsa ta washe.

"Yauwa! Lamba arba'in da ɗaya. Ga faifan da ya san doka!"

Julius ya buɗe baki. Uba ya watsa masa harara. Julius ya rufe, ya ƙame kamar a fareti, ya kafa wa rufi ido.

Daga lungu Madam ta ce, "Malam Uba, ka kuwa san mai faifan nan?"

"Ba na bukatar sani. Inji ya sani. Aikinsa na farko ya shekara biyu. Ko na wane ne, ya yi sakaci, ya kuka da kansa."

Ya danna. Faifan ya hau juyawa fir-fir-fir, baƙi suka yi tafi, Uba ya sunkuya yana karɓar gaisuwa. Da ya tsaya, Darakta ya yi ajiyar zuciya.

"Madalla. To a sake nuna wa baƙi yadda yake raba ajin tun daga farko, wasu ba su gani da kyau ba."

"An gama, ranka ya daɗe. Julius, ɗora faifan doka."

Julius bai motsa ba.

"Julius! Ba ka ji ba ne?"

"Oga, in yi magana?"

"Yi mana!"

"Yana kan inji, Oga. Shi ne arba'in da ɗaya."



"Ka ce in juye a duk faifan da ke da wuri," in ji Julius, har yanzu idonsa na rufi. "Sai na juye a naka na da. Wanda shekara biyu da suka wuce ka sa inji ya buga maka takarda da manyan haruffa, INJINIYA UBA, SHUGABA. Shi ne aikin farko. Dokar na bayansa."

Dakta Sati ne ya fara. Dariya ta kama shi har ya dafa bango ya zame ƙasa. Sai ta bi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Bature bai ji Hausar ba, amma da aka fassara masa sai ya cire tabarau yana share hawaye. Darakta bai yi dariya ba.

"Yanzu ke nan ba takarda a jikin faya-fayan, ba doka a cikin inji. Wa ya san abin da ke cikinsu?"

Madam ta jawo jakarta, ta ɗage ganyen alayyafo. Ga zobba cunkus, ja da rawaya da shuɗi, ga gwangwanin biskit a tsakiya.

"Ranka ya daɗe, takardun na nan, kowacce da lambarta. Zobban kuma da safen nan na cire, don kada a yi ɓarna."

Uba ya daka tsalle. "Kun ji ko! Zagon ƙasa! To me ya sa ba ki cire na arba'in da ɗaya ba?"

"Haba, Malam Uba. Kai da bakinka ka ce kada in ƙara taɓa maka kayanka."

Uba bai tsaya cin shinkafar biki ba. Ya haye babur da kwat ɗinsa, ya tsala gudu sai Sabon Gari. Ya tarar da Malam Hamza na fifita wuta da katuna uku a haɗe.

"Malam Hamza, katunana! Ina katunana?"

"A'a, Injiniya, zamanin kati ya dawo ne?"

"Don Allah bar wasa!"

"Wallahi sun yi albarka. Yaji ma ta hujin yake zuba daidai wa daida, ba ɓarna. Mai ƙosai ta ɗebi rabi, mai gyara takalmi ya ɗebi wasu yana cusa wa dunduniya."

Ya laluba ƙarƙashin tebur ya tattaro abin da ya rage. Cikin kati wajen ɗari shida, arba'in ne da 'yan kai, sun sha mai da yaji, ba wanda ya san na gaba balle na baya. Ya ɗora masa tsinke guda a kan katunan.

"Ga wannan kyauta. Na farkon kitse ne, amma ka daure ka ƙarasa."

Ranar Litinin Madam Bolanle na zaune a kujerar Bature. Barakatu kuwa ta kwance kayan da ta ɗaure, abin da ta faɗa wa mijinta a lokacin maƙwabta sun ji, amma ba zai rubutu ba. Uba ya shigo ofis ba kwat. Madam ta tura masa gwangwanin biskit da kwalbar gam.

"Faifai ɗari uku da wani abu. Yadda ka ɓare, haka za ka liƙa. Darakta ya ce a duba halinka kafin a san inda za a ajiye ka. Matso."

Ta yanko zare, ta ɗaura masa a maɓallin riga. Uba ya sunkuya ya duba.

"Kore?"

"Wata uku. Ka gode wa Allah. Julius cewa ya yi a bar ka ba zare."

Da yamma aka gan shi a majalisar Hanwa, zaren na lilo a ƙirjinsa. Wani dattijo ya tambaye shi, wannan kuma na mene ne, ina labarin kujera?

Uba ya gyara wuyan riga, ya shafa zaren.

"Kujera ai kowa na iya zama a kanta. Amma wannan, ku je ku tambaya, duk faɗin Samaru mutum ɗaya aka taɓa ɗaura wa."

A nan dai, Allah ya sani, bai yi ƙarya ba.